Masu sanya kakin sojojin da suka shuɗe

A tsakiyar zafin watan Yuli, magidanci a Amurka zai ɗauki hutu daga wurin aiki, ya zura kakin ulu mai kauri da ya saya da kuɗin aljihunsa, ya kwana a tanti, da safe ya yage ƙunshin albarushi da haƙori ya ɗura a bindigar da ba harsashi a cikinta. Ba mai biyansa ko sisi. Dubban irinsa ne suka taru kusa da Gettysburg a 2013, shekara 150 bayan gumurzun 1863, suna kwaikwayon rundunonin yaƙin basasar ƙasar.

Masu suka na cewa wannan ado ne ake yi wa yaƙi: mutum ya faɗi kamar ya mutu, an jima ya tashi ya kaɗe ƙura. Akwai gaskiya a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne wasu masu kwaikwayon sojojin Kudu, ɓangaren da ya ɓalle daga ƙasar, da ke ɗaga tutarsu suna zancen jarumta, amma ba sa ambatar bautar da aka yi yaƙin a kanta.

Duk da haka ba na goyon bayan a daina, kuma dalilina baƙaƙen fatar da ke sanya kakin runduna ta 54 ta Massachusetts ne. Ranar 18 ga Yulin 1863 wannan runduna ta baƙaƙen fata, wadda ke yaƙi a ɓangaren Arewa, ta afka wa sansanin Wagner na sojojin Kudu a Karolina ta Kudu da mutum kusan 600. Kimanin 270 aka kashe, ko aka jikkata, ko aka kama. Kwamandansu Kanar Robert Gould Shaw, farar fata, a rami ɗaya aka binne shi da yaransa. Saja William Carney, wanda aka haifa cikin bauta, ya sha harbi amma bai bari tuta ta taɓa ƙasa ba. Kuma waɗannan mutane sun yi wata 18 suna ƙin karɓar albashi, domin dala 10 a wata aka yanka musu, a cire 3 kuɗin kaki, alhali farin soja na karɓar 13. Yaron makaranta da ya tsaya gaban baƙar fata cikin shuɗin kaki, ya ji wannan daga bakinsa, ya taɓa bindigar ya ji nauyinta, da wuya ya manta. Gani ya kori ji.

Nan ne abin ke sosa mini zuciya. Kakanninmu sun yi yaƙin Boma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun ratsa dazuzzukan Kaladan da Arakan da kaya a ka. Ban taɓa ganin matashi ya sa gajeren wandonsu da malafarsu ya ba da labarinsu ba. A Kaduna mutane na wucewa ta gaban barikin Kalapanzin kullum, kuma sunan wani kogi ne a Boma inda sojojinmu suka yi yaƙi.