A bar zaman otal haka nan, a shiga ajin da ake horar da limamai da fastoci

Duk lokacin da aka yi wata tarzoma mai launin addini a Arewa kowa ya san abin da zai biyo baya. Za a kira taro a wani babban otal a Abuja ko Kaduna, manyan malamai da manyan bishop-bishop su jeru, a sha shayi a ɗauki hoto, a karanta takardar bayan taro cewa addinan nan biyu duk zaman lafiya suke koyarwa, kowa ya shiga motarsa. Majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta NIREC da Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN suke jagoranta tun 1999 take wannan aikin, kuma ban ce ba ta da amfani ba, ko ba komai manya suna da lambar wayar juna ranar da abu ya ɓaci. Amma fa wanda zai riƙe lasifika ranar Juma'a a Rigasa, da wanda zai hau bagade ranar Lahadi a Sabon Tasha, ba su je taron nan ba, wataƙila ma ba su ji an yi ba, kuma su ne jama'a ke saurara.

Shi ya sa nake ganin mun daɗe muna zuba kuɗi da lokaci a inda ba nan gizo ke saƙa ba. Wurin da ya kamata maganar fahimtar juna ta shiga shi ne makarantun da ake yaye limamai da fastoci da malaman IRK da CRK, wato darussan addinin Musulunci da na Kirista a makarantun boko, kuma in ta shiga kada a gina ta a kan gardamar aƙida, a gina ta a kan adalci.

A duba inda wasu manyan rikice-rikicenmu suka faro mana. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, wanda ya fantsama har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina aka ƙona wuraren ibada, a kwalejin ilimi ya tashi, daga wani taron wa'azi na ɗalibai. Shekara 35 bayan nan, a watan Mayun 2022, kisan da aka yi wa ɗaliba a Sakkwato shi ma a kwalejin ilimi ya faru. Wato wuraren da ake horar da waɗanda za su koyar da 'ya'yanmu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsalar ba ta jahilin kan titi ba ce kawai kamar yadda muke son mu riƙa faɗa don mu wanke kanmu, akwai abin da muke koyarwa, akwai kuma abin da muka ƙi koyarwa.

Ɗauki ɓangarenmu na Musulmi tukuna. Ba mu da wata ƙofa guda da ake bi a zama limami, wani a zaure ya yi karatu gaban malami, wani Islamiyya ce zuwa makarantar nazarin Larabci ta SAS ta Kano wadda asalinta makarantar horar da alƙalai ce tun 1934, wani BUK ko Usmanu Danfodiyo, wani Madina ko Azhar ko Sudan, wani kuma wallahi murya ce kawai da waya mai kyamara. A duk hanyoyin nan abin da ɗalibi yake tashi da shi game da Kiristanci yawanci raddi ne, ya haddace ayoyin Baibul da zai kayar da abokin muhawara da su irin salon marigayi Ahmed Deedat da kaset-kaset ɗinsa suka cika kasuwanninmu a da. Amma ka tambaye shi bambancin coci-cocin Katolika da ECWA da COCIN da EYN, ko me ya sa mutumin Zangon Kataf ko na Tafawa Ɓalewa yake jin ciwon tarihin mulkin masarautu, sai ka ji shiru, ko ya ce ai duk abu ɗaya ne. Mutumin da zai yi shekara 30 yana limanci a garin da rabin mutanensa Kiristoci ne fa kenan.

A ɓangaren Kirista tsarin ya fi zama a rubuce, akwai kwalejin horar da fastoci ta TCNN a Bukuru kusa da Jos tun 1959, akwai makarantar St Augustine ta Katolika a Jos, akwai makarantar tauhidi ta JETS ta cocin ECWA, kuma da yawansu suna da darasin Musulunci a manhaja, nan kam sun sha gabanmu. Katolika ma tun 1965 majalisar Vatican ta biyu ta fitar da matsaya a rubuce cewa cocin na kallon Musulmi da girmamawa. Sai dai tambayar ita ce da wace niyya ake koyar da darasin. In manufar ita ce a san lagon Musulmi don a yi masa bishara, to wannan shi ne dai raddin namu aka juya shi. Ga kuma ɗimbin sabbin coci-coci da mutum zai yi 'yan watanni a makarantar Baibul ya fito ya buɗe nasa, abin da ya sani game da Musulmi bai wuce jihadi da zancen ana so a musuluntar da Najeriya ba.

Na san abin da wasu za su ce tun kafin su kai ƙarshen rubutun nan, wannan ai ɗan intafes ne, wato mai harkar tattaunawa tsakanin addinai. A soshiyal midiyar Hausa kalmar ta zama zagi, ana ganin wata dabara ce ta Turawa ta narkar da addinai a mayar da su ɗaya, su ma Kiristoci suna da irin wannan tsoron, suna kiran abin Kirislam. Kuma gaskiya ban ga laifin mai tsoron ba gaba ɗaya, domin akwai tarukan da ake shiryawa da kuɗin ƙungiyoyin waje inda ake nuna kamar wayewa ita ce kowa ya ce duk hanya ɗaya ce. Wannan ba gaskiya ba ne kuma babu mai imani na haƙiƙa da zai yarda, Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, Kirista kuwa gicciyen ne tushen addininsa, babu kwamitin da zai sasanta wannan kuma ba a ma buƙatar a sasanta shi. Limami ya ci gaba da da'awarsa, fasto ya ci gaba da bishararsa.

Abin da nake magana a kai daban ne, kuma yana cikin littattafan sirar da ɗalibanmu ke karantawa. Kafin aiko Annabi (SAW) wani ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo kaya Makka, Asi bin Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa, sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alƙawarin za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Hilful Fudul kenan. Manzon Allah ya halarta yana matashi, kuma bayan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Mushirikai ne fa a zaman nan, ba ma Ahlul Kitabi ba. Ga aya ta 8 a Suratul Ma'ida da ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. Su ma fastoci suna da littafin Annabi Amos da yake tsawatar wa masu tattake talaka suna cika wurin ibada da hadaya, suna da misalin Basamariyen nan da ya taimaki mutumin da ba addininsu ɗaya ba bayan malaman addini sun ratse sun wuce shi. Kowa na da kayan aikin a gida, ba sai an aro daga Turai ba. Karantawa ake yi a ci jarabawa a wuce, ba a taɓa ɗora shi a kan Kaduna ko Filato ba.

To a ɗora mana. A ƙarshen watan Mayun 2021 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 130 a Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina a jihar Neja, ba a yi sati shida ba a farkon Yuli suka kwashe sama da 120 a sakandaren Bethel Baptist a Kaduna. Iyayen nan duka sun sayar da gonaki da filaye suna haɗa kuɗin fansa, kuka iri ɗaya, gwamnati iri ɗaya da ta kasa. Masallatai nawa ne aka ambaci yaran Bethel a huɗuba, coci nawa ne aka yi wa yaran Tegina addu'a da sunansu? Haka da jirgin soja ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disamban 2023 ya kashe aƙalla mutum 85, haka da aka sace ɗalibai a makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd a Kaduna a Janairun 2020 aka kashe ɗaya mai shekara 18. Kowa gawarsa kawai yake ƙirgawa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta NBS na 2022 sun ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama a ƙasar nan, miliyan 86 daga ciki a Arewa suke, kuma yunwar ba ta tambayar sunan mutum Musa ne ko Moses. Ɗan siyasar da ya ci kuɗin asibitin garin shi ne zai raba wa malamai kujerar Makka ya raba wa fastoci ta Kudus, kowa ya dawo yana sa masa albarka.

Amma inda aka fi jin zafi, kuma inda nake ganin ajin zai yi amfani na gaske, shi ne koken da kowane ɓangare yake da shi a kan ɗan uwansa. Kiristocin da ke jihohin can ƙuryar Arewa sun daɗe suna kukan ba a ba su takardar mallakar filin coci, ba a ɗaukar malaman CRK a makarantun gwamnati, kuma Bahaushe Kirista ɗan asalin Kano ko Katsina ana yi masa kallon bare a garin kakanninsa. Musulmin Jos ta Arewa su ma shekara da shekaru suna kukan takardar shaidar zama ɗan asalin gari, ga matafiya da aka sha tarewa a hanya a kashe don kawai an ga kamanninsu. An kafa kwamitin bincike na Fiberesima bayan rikicin Jos na 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola bayan 2008, rahotanni suna nan jibge, wa aka hukunta a cikin manya? Ina so in ga ɗalibin shari'a a Kano an ba shi aikin ya rubuta, da hujjojin fiƙihu, mene ne haƙƙin Kiristan Sumaila a kan gwamnatin jiharsa. Ina so in ga ɗalibin tauhidin Kirista a Bukuru an tura shi Unguwar Rogo a Jos ya zauna ya saurari wanda aka haifi kakansa a Jos amma ɗansa ya rasa gurbin karatu saboda takarda. Duk wanda bai iya faɗin koken ɗaya ɓangaren yadda su da kansu za su ce ƙwarai haka ne ba, bai kamata a ba shi shahada a ce ya je ya jagoranci jama'a a gari irin Kaduna da kogi ya raba Musulmi arewa Kirista kudu tun bayan rikicin 2000 ba.

Kuma ba daga sifili za a fara ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yaƙi juna a rikicin Kaduna na 1992, Wuye ya rasa hannunsa Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, tun 1995 suke aiki tare, su suka tsaya aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, suka kuma shiga sulhun Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Bishop Josiah Idowu-Fearon ya buɗe cibiya a Kaduna da Musulmi da Kirista ke zama aji ɗaya suna karatun addinan juna. A Minna cibiyar da'awa ta IET da marigayi Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu suka assasa ta daɗe tana horar da masu wa'azi kan mu'amala da wanda ba Musulmi ba, da hujjojin usulu ba da na Turawa ba. Matsalar duk waɗannan a gefe suke, wanda ya ga dama ne yake zuwa, kuma wanda ya ga damar dama can ba shi ne matsalar ba.

Wani zai kawo misalin Malam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, dattijon da ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018 ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga, ya ce ai shi bai je wani kwas ba. Haka ne. Amma shi ya yi rayuwarsa ne a ƙauyen da ake cuɗanya, ya san mutanen nan da sunansu, an ci bikin juna an yi ta'aziyyar juna. Yaron da aka haifa a unguwar Tudun Wada ko ta Television a Kaduna bayan 2000 bai samu wannan ba, zai iya gama digiri bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan ɗaya addinin ba. Abin da unguwa take bayarwa kyauta a da, yanzu in makaranta ba ta bayar ba babu mai bayarwa.

Saura maganar wa zai yi. Ni dai ban goyi bayan gwamnati ta tsoma baki ta hanyar lasisin wa'azi ba, mun ga yadda dokar da aka kawo a Kaduna a 2016 ta haɗa kan wasu malamai da fastoci wuri guda amma a kan adawa da ita, kuma gwamnan da ke tantance huɗuba ba zai bar a yi huɗubar adalci ba. Hukumar nazarin Larabci da Musulunci ta NBAIS da hukumar jami'o'i ta NUC da hukumar kwalejojin ilimi suna iya sa darasin a manhaja ya zama dole, ba irin kwas ɗin zaman lafiya na gama-gari a jami'a (GST) da ake haddacewa daren jarabawa ba, kuma sharaɗin farko shi ne Kirista ne zai koyar da Kiristanci, Musulmi ya koyar da Musulunci. Sauran aikin na Jama'atu Nasril Islam (JNI) da Izala da ɗariƙu ne da CAN da manyan coci-coci, tunda su ke da makarantun kuma su ke naɗa limamai da fastoci. Kuɗin kuma ya fito daga aljihunsu, daga zakka da waƙafi da baiko, domin ranar da aka ga tambarin wata ƙungiyar waje a jikin takardar darasin, ranar za a fara yi masa raddi a TikTok kuma babu ɗalibin da zai sake shiga ajin.