Wasiƙar da na rubuta wa Kawu

Kun dai san Kawu, kullum mitarsa ita ce yaran yanzu ba mai iya riƙe biro, sai latse-latsen waya. Ni kuma abin ya tsaya min a rai na ce bari in nuna masa da sauranmu. Na samo takarda da ambulan na fara da "Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan", ban ma kai ga "dalilin rubuto maka wannan wasiƙa" ba yatsuna suka ƙage, ashe rabona da rubuta abin da ya wuce sa hannu har na manta. Haka na lallaɓa na cika shafi, na manna kan sarki na aika.

Shiru shiru, sai rannan da daddare waya ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ina buɗe guruf ɗin 'yan gidanmu na WhatsApp wallahi sai ga hoton wasiƙata. Kawu da kansa ya ɗauka, mutumin da ke zagin waya fa, har da babban yatsansa a gefen hoton, ya kuma turo saƙon murya wai "jama'a wa zai karanta min wannan, ko takardar magani ce likita ya aiko min bisa kuskure?"

Anti ta ce a juya hoton ƙila a kife yake. Aka juya. Ta ce a'a a mayar, gara na farkon. Yaya ya zuƙo hoton ya ce ya gano layi ɗaya, wai na rubuta "Kawu ina kyanwarka". Ina kewarka fa na rubuta! Kawu ya sake turo murya cikin natsuwa yana rantsuwa shi bai taɓa kiwon kyanwa ba, in wani ya faɗa min haka ƙarya yake masa. Ni kuwa ina kwance ina kallon sunaye suna ta taifin, kowa ya ga ina onlayin, ba halin gudu.

Duk wannan bai ƙona min rai ba kamar ɗan Goggo. Ba wanda ya tambaye shi, ya shigo da lacca wai tun 1971 Ray Tomlinson ya aika imel da alamar @, wai ko gidan wayar Denmak sun sanar da daina raba wasiƙu a ƙarshen 2025, ni ne zan farfaɗo da ita? Wannan yaron fa ni na koya masa buɗe imel, kuma har gobe idan zai turo takarda sai ya manta bai liƙa ta ba, sai ya biyo da "afuwan ga ta nan", ita ma babu. Kuma cajata tana wurinsa, ya san da haka.

Daga baya dai Kawu ya kira ya ce in karanta masa ta waya. Na buɗe hoton, sakin layi na biyu ni ma ban gane ba, sai na ce masa gaisuwa ce kawai.