Kwaɗin lambun gida a Ingila: ba sanyi ne ke kashe su ba

Duk shekarar da hunturu ya yi tsanani a Ingila, sai masu ƴan kududdufan ado a lambun gida su cika intanet da hotunan kwaɗi sun taso saman ruwa, ciki a kumbure, bayan ƙanƙara ta narke. Haka aka yi bayan Disambar 2010, wadda ta zo da sanyin da aka yi shekara ɗari ba a ga irinsa ba a watan. Kowa sai ya ce sanyi ne. Ni kam ban yarda ba.

Kwaɗon ruwa, musamman namiji, yakan nutse can ƙasan kududdufi ya lafe cikin taɓo, yana shan iska ta fatarsa. Sanyin ruwan bai dame shi ba, jikinsa ma sai ya rage aiki. Matsalar tana farawa ne idan ƙanƙara ta rufe saman ruwan kwana da kwanaki, dusar ƙanƙara ta zauna a kai ta tare hasken rana. Ciyayin ruwa su daina fitar da oksijin, ganyayen da suka faɗa ciki tun kaka kuma su ci gaba da ruɓewa suna cinye ɗan abin da ya saura. Shaƙewa ce, a cikin kududdufin da bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mai tausayi da guduma. Ya fito da sassafe yana dukan ƙanƙara wai zai buɗe musu ƙofa, alhali girgizar dukan kan illata abin da ke kwance a ƙasa. Tsintsiya ta fi masa amfani: ya share dusar haske ya shiga. In kuma dole sai ya huda, ya ɗora tukunyar ruwan zafi a kai ta narkar a hankali.

Kwaɗon tudu mai kaushin fata shi ruwansa daban, ba kasafai yake yin hunturu a kududdufi ba. Ƙarƙashin tarin itace ko juji yake ɓuya. Don haka mai gidan da ya ƙwaƙule lambunsa tas kafin hunturu, ya ƙone ganye ya kwashe itace, shi ya bar shi a fili, kuma wannan gawar ba ta tasowa saman ruwa balle a ɗauki hotonta.