Bishiyar da aka tokare da sanduna

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A garin Miharu da ke lardin Fukushima na ƙasar Japan akwai wata bishiyar sakura, irin itacen ceri mai yawan fure, da ake kira Takizakura. An ƙiyasta shekarunta sun haura 1,000, kuma tun 1922 gwamnati ta sa ta cikin abubuwan da doka ta kare. Girgizar ƙasar 2011 ta zo ta wuce, tana nan tsaye. Wajen tsakiyar Afrilu furenta yake buɗewa, jama'a su yi ta tururuwa daga nesa don kallo, har da dare a haska ta da fitilu. Kafin mako biyu furen ya zube.

Ni ba furen ne ya tsaya min a rai ba, sandunan ne. Duba hotonta da kyau, za ka ga dogayen katakai sun tokare rassanta ta ko'ina, don tsufa ya sa ba ta iya ɗaukar nauyin kanta. Da dusar ƙanƙara mai yawa ta karya mata rassa a 2005, mutanen garin ne suka fito suka kakkaɓe ta, suka ƙara mata tokari. Hidimar shekara guda cur, saboda furen 'yan kwanaki. Kuma itace ne fa, ba ya godiya, ba ya sa albarka.

To kai ɗan'uwa, wa ke tokare da tsohuwarka? Gwiwa ta ƙi, ido ya ragu, magana ɗaya sai ta maimaita maka sau uku, kai kuma har ka fara tsaki. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 23, idan ɗaya daga cikin iyayenka ko su biyun suka tsufa a wurinka, kada ka ce musu ko da "uf". A wurinka aka ce. Tura kuɗi ta waya alheri ne, ban raina ba, amma kuɗi ba ya kama hannun tsoho ya kai shi alwala, ba ya zama ya saurari labarin da ka riga ka haddace.

Ke ma 'yar'uwa da aure ya kai ki nesa, yaushe rabon da Baba ya ji muryarki ba don wata buƙata ba?

Wanda nasa suke raye, ya je ya durƙusa ya gaishe su yau, ya tambayi maganin da ya ƙare. Wanda nasa suka rigaye mu, ya yi musu sadaka, ya ziyarci aminansu. Allah ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka raine mu muna ƙanana.