Ku Riƙe Karnukanku a Bakin Tabki

Haba jama'a! Mutum ya kwashi iyalinsa suna hawan tudun yashi a bakin tabki, ƙafa na nutsewa, yara na haki, sai ga karen wani a guje ba igiya. Mai shi daga nesa yake cewa wai ba ya cizo. Yaron da ya firgita ya faɗi fa?

Abin da ya fi ƙona mini rai, kare ya bar hanya ya shiga tona ciyawar tudun. Saiwoyinta ne ke riƙe yashin, in ta mutu iska ta kwashe shi. Ga tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa yana kora. Wasu ma su ƙulle kashinsa a leda su yar a gefen hanya. Wa zai ɗauke musu?