Amanar kaset goma sha huɗu

Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma wallahi ba zan haɗiye wannan magana ba. Mutumin da ya yi min wannan aika-aika yana can zaune a shagonsa a tsakiyar Yamai, yana tura wa mutane waƙoƙi a waya, yana karɓar kuɗinsu, ko a jikinsa.

Wata biyu da suka wuce muna gyaran ɗakin Inna a Bukoki, na jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A can ƙasanta, naɗe cikin zane, na tarar da kasusuwanmu na ƙuruciya, kaset guda goma sha huɗu. Na zauna a ƙasa na kasa tashi. Biyar na Westlife ne, sauran kuma na mawaƙanmu na gida, su Kaidan Gaskiya da Wass-Wong da Lakal Kaney, da wasu da muka riƙa ɗauka kai tsaye daga rediyo. Yayana marigayi ne ya tara mana yawancinsu. Fatauci yake yi, ya sari kaya a Kano ya biyo ta Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma bai taɓa dawowa ba tare da kaset a aljihun rigarsa ba. Ta hannunsa samarin nan biyar na ƙasar Ailan suka shigo gidanmu.

Wanda bai yi wannan zamani ba zai ga kamar abin wasa ne. Mu huɗu ne 'yan aji ɗaya, da Faransanci ake koyar da mu, Ingilishin da muka sani bai wuce na gaisuwa ba. Amma mu kunna, mu tsayar, mu mayar baya, har sai mun rubuta baitocin a bayan littafin makaranta yadda kunnenmu ya ji su, da haruffan Faransanci. Kowace a cikinmu tana da nata gwani, kuma a kan wanda ya fi murya tsakanin Shane da Mark mun sha yin kwana biyu ba ma magana da juna. Batir ya yi sanyi mu shanya shi a rana. Don kada mu ƙona shi wajen mayar da kaset baya, sai mu soka bik a ramin mu yi ta juyawa. A jikin hotunan kasusuwan nan har yanzu su biyar ne, domin duk an sayo su kafin Brian ya bar ƙungiyar a 2004. Da suka rabu a 2012, bayan wasansu na bankwana a Dublin, mun riga mun zama matan aure, amma sai da muka kira juna a waya. Da suka dawo a 2018 ma haka.

Akwai kaset ɗaya da ba shi da hoto, fari, an rubuta masa "Daren Salla" da jan bik. Rubutun Yaya ne. A daren ya ajiye manyeto, rediyon nan mai kaset, a tsakar gida ya danna jan maɓalli ba mu sani ba, muna bin waƙar Westlife da ƙarfi. Ana jin dariyarsa. Ana jin yana cewa mu sake daga farko, ba mu iya ba. Ana jin Inna daga madafa tana cewa a rage ƙara, mutane na salla. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai a nan. Ya rasu kafin wayoyi masu ɗaukar murya su cika gari.

Manyeton gidan ya daɗe da mutuwa, shi ya sa na nemi wanda zai juye min su a kan katin waya. Aka nuna min wani shago, ga allo a ƙofa an rubuta ana juye tsofaffin kaset. Na tambaye shi sau biyu ko yana da na'urar. Ya nuna min wani rediyo mai kaset a kan kanta, ya ce, "Tanti, wannan ai aikinmu ne, ki kwantar da hankalinki." Na ware farin kaset ɗin na sa masa a hannu, na ce, "Ƙanena, wannan ko duk sauran za su lalace, ka kula min da shi. Muryar mamaci ce a ciki." Ya dafa ƙirji. Muka yi ciniki a kan jaka goma sha biyar, na ba shi goma, ya ce in dawo bayan sati ɗaya.

Sati ɗaya ya zama bakwai. Yau an ɗauke wuta, gobe yaron shago ya tafi ƙauye, jibi kwamfuta ta ƙi tashi. Sau shida ina biyan taksi zuwa da dawowa, ina barin aikina. Maganar wuta ban musa masa ba, kowa a garin nan ya san yadda lokacin zafi yake. Na yi masa uzuri har uzurin ya ƙare.

Ranar Litinin ya miƙo min kati yana murmushi. Tun a ƙofar shagon na sa shi a waya, kuma waƙar farko ba ta kai rabi ba na gane an cuce ni. Sauti tas, babu shuuu ɗin nan na kaset, babu wurin da zaren ya taɓa tauna da na san shi kamar tafin hannuna. Har da waƙoƙin da suka fito bayan rasuwar Yaya a ciki. Ashe karanta sunan da ke bayan kaset kawai ya yi, ya shiga intanet ya kwaso. Na mawaƙan gida ya sa 'yan kaɗan da ya samu, wanda bai samu ba ya cike gurbin da waƙoƙin da ban ma san su ba. Abin da muka ɗauka daga rediyo babu ko ɗaya. "Daren Salla" babu.

Na san dalilin da ya sa ya yi haka, kuma shi ne ya fi ƙona min rai. Juye kaset ba ya son gaggawa. Sai ka haɗa rediyon da kwamfuta ta waya, ka kunna, ka bar shi ya yi ta tafiya har ƙarshe, ka juya ɗaya gefen. Kaset mai minti 90, minti 90 zai ci, babu hanyar ratse. Goma sha huɗu irinsa awa 21 ke nan. Kwasowa daga intanet kuwa ko shayi ba zai gama dahuwa ba an kammala. Ya auna wahalar, ya ga jaka goma sha biyar ba ta kai ba, ya zaɓi ya yaudare ni. To me ya hana ya faɗa min tun ranar farko? Da ya ce talatin, da na biya. Da ya ce ba zai iya ba, da na ɗauki kayana na yi gaba, ba wanda ya ci wa wani.

Na ce ya ba ni kasusuwana. Sai aka fara kame-kame. Yaron ya shiga bayan shago ya fito da kwali mai ƙura. Guda tara ne a ciki. A kan taga suka ajiye su, ƙarƙashin kwano, tun watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum a garin nan. Robar uku ta lanƙwashe, zaren wasu ya manne, bik ma ba ya juya su. Abin da Inna ta adana sama da shekara ashirin cikin zane, a inuwa, sati bakwai ya ishe su su kashe shi. Biyar kuma babu su babu dalilinsu, har da farin.

Na tambayi ina yake. Mai shago ya ce bai sani ba. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce akwai wani da rediyon ya tauna, suka ja zaren ya tsinke, sai aka share da shara. Bai tuna ko fari ne ba. Zaren kaset in ya tsinke ana liƙa shi, mu da muke 'yan mata mun sha yi da ɗan salatif da reza, a rasa daƙiƙa biyu a tsira da sauran. Mai sana'ar da ya kafa allo a ƙofa bai san wannan ba, ko kuwa ya sani bai ga darajar tsugunawa ya yi ba?

Sannan ya faɗi maganar da har yanzu take min yawo a kai. Ya ce, "Haba Tanti, ai duk waƙa ɗaya ce. Wannan ma ta fi taki kyau." Har yana neman cikon jaka biyar ɗinsa. Jama'a suka taru, wani dattijo maƙwabcinsa yana ba ni haƙuri, yana cewa abin bai kai na tashin hankali ba, kaset ne fa. Na sani Westlife suna intanet, Baba. 'Yata ma tana iya kunna min su a wayarta cikin ƙiftawar ido. Dariyar yayana fa, a wane intanet za a kwaso min ita?

An ce in kai ƙara. In je in ce me? Babu takarda tsakaninmu, irin waɗannan shaguna ba sa rubuta abin da suka karɓa, ba sa ba ka ko ƙyallen shaida, kuma duk wanda zan tsaya gabansa zai tambayi kuɗin kaset, a ce dala nawa ne. Ya mayar min da jaka goman a gaban mutane, ya jefo ta kan kanta kamar shi aka zalunta. Ban yafe ba, kuma na gaya masa a idonsa.

Ƙawayena biyu suna nan Yamai, ta ukun tana Tawa, mun riga mun sa rana bayan Salla za ta zo mu zauna a tsakar gidan nan na Bukoki mu saurara tare. Su na iya gaya musu, na kuma gaya musu, mun yi kukanmu a waya. Inna ce matsalata. Ni da bakina na ce mata ta kusa jin muryar ɗanta, tun ranar take ƙirga kwanaki. Jiya da na kai mata abincin dare ta riƙe hannuna ta ce, "Yaron nan ya gama aikin kuwa?" Na ce mata da saura.

Gobe da sassafe zan koma, kafin mai shagon ya fito. Yaron ya ce akwai wani buhu a bayan shago da suke zuba tarkacen wayoyi da caja, ba a kwashe shi ba tun azumi. Zan zazzage shi da hannuna.