Chuck Berry bai ga fitowar albam ɗinsa ba

Kai, wannan labarin na albam ɗin Chuck Berry, mawaƙin rock and roll na Amurka kuma makaɗin jita, ya taɓa ni wallahi. Tun 1979 bawan Allahn nan bai saki sabon albam ba, shekara 38 fa, sai ranar da ya cika 90 ya ce ga shi nan tafe kuma matarsa Toddy ya yi wa, ashe ba zai gani ba, ya rasu a Maris 2017 albam ya fito a Yuni. Da daddare na saurara a waya, murya ta tsufa kam amma hannun nan bai manta jita ba ko kaɗan. Ɗansa da 'yarsa ma suna ciki. Ina ji ina hango shi yana tafiyar agwagwar nan tasa, wato tafiya a ɗan durƙushe, a dandamali, jita a rungume.